Jirgin Ƙasa Zuwa Gombe Da Maiduguri: Abin Da Mutuwarsa Ta Jawo Wa Mutanen Mubi

MUBI: Duk wanda ya tsaya a bakin kasuwar shanu ta Mubi ranar da take ci zai ga tireloli a jere ana loda musu shanu. A saman kowace tirela, bisa katakon da aka gicciya, akwai mutane zaune. Waɗansunsu masu kula da dabbobin ne, waɗansu kuwa fasinjoji ne kawai waɗanda kuɗin bas ya fi ƙarfin aljihunsu. Daga nan sai Ikko, ko Fatakwal, ko kasuwar Lokpanta ta Jihar Abiya, watau tafiyar kwana biyu ko uku cikin rana da raɓa.

Ba a taɓa jin kukan jirgin ƙasa a Mubi ba, kuma har yau babu ko taku ɗaya na hanyar dogo a duk faɗin Jihar Adamawa. Amma duk da haka dattawan garin da suka yi fatauci a Kudu sun san jirgi sarai, domin a zamaninsu mutum yakan hau mota zuwa Maiduguri ko Gombe, daga can jirgi ya ɗauke shi da kayansa har bakin teku. Yau waɗannan tashoshi biyu sun yi tsit. Tun watan Maris na 2021 Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar da aikin sake gina layin, amma har yanzu jirgin fasinja daga Kudu bai sake leƙa su ba. Saboda haka ya kamata 'yan Arewa mazauna Kudu su san yadda aka yi wannan jirgi ya zo, da abin da ya kashe shi, da kuma abin da zai iya tashinsa.

Don Kaya Aka Shimfiɗa Dogo

Abu na farko da ya kamata mai karatu ya riƙe shi ne, Turawan mulkin mallaka sun shimfiɗa dogo ne domin kwashe amfanin ƙasa zuwa bakin teku. Fasinja ɗan rakiya ne. Layin da ya tashi daga Ikko ya isa Badun a 1901. A Arewa kuma aka fara wani daga Baro, a bakin kogin Kwara, a 1907, ya shiga Kano a 1911. A 1912 aka haɗe su biyun suka zama reluwe guda. Turawa sun sa rai auduga za su samu don masaƙun Ingila, sai manoman Kano suka duba farashi suka zaɓi gyaɗa, kuma daga nan ne dalar gyaɗa ta samo asali.

Layin gabas shi ma kaya ne suka haife shi. An gano kwal a yankin Inugu a 1909, aka kafa Fatakwal don a sami inda za a loda shi a jirgin ruwa, kuma dogo ya haɗa garuruwan biyu a 1916. Daga nan ya miƙa Arewa, ya bi ta Makurɗi da Kafancan, ya sadu da layin yamma a Kaduna a 1927, da reshe zuwa Jos saboda kuza. Gadar Makurɗi sai a 1932 aka buɗe ta. Reshen Ƙaurar Namoda na 1929 da na Nguru na 1930 duk gyaɗa da auduga da fatu da shanu suka bi.

To, amma abin da aka yi don kaya sai ya zama alheri ga mutane. Fataken da a da suke shafe watanni a ƙafa da jakuna zuwa Gwanja neman goro, sai suka koma sayensa a ƙasar Yarabawa, jirgi ya kai musu Kano cikin 'yan kwanaki. Shanun da ake korawa ta daji suna ramewa a hanya, sai aka riƙa zuba su a tarago. Unguwar Sabo ta Badun, wadda aka kafa a 1916, da zangon Agege, da tsohuwar kasuwar shanu ta Umuwahiya, duk da ƙarfin jirgi suka bunƙasa. Da yawa daga cikin masu karanta wannan shafi jirgin ƙasa ne ya sauke kakanninsu a inda suke zaune yanzu.

Yadda Dogo Ya Wuce Mubi

Arewa maso gabas ita ce ta zo ƙarshe. Sai a 1958 ne Bankin Duniya ya ba da rancen dala miliyan 28, wanda shi ne rancensa na farko ga Nijeriya, kuma da taimakonsa aka ja layi daga Kuru, kusa da Jos, mai tsawon kimanin kilomita 640. Ya isa Bauci a 1961, Gombe a 1963, Maiduguri kuma a 1964. Daga Gombe ya bi ta Bajoga da Buni Yadi, watau ya bar Biu da Mubi da Yola a hannun dama.

A lokacin da ake zana taswirar wannan layi, Mubi ba ta ma tabbata a cikin Nijeriya ba tukuna. A farkon ƙarni na 20 ta faɗa hannun Jamusawa, cikin ƙasarsu ta Kamaru. Bayan Yaƙin Duniya na Farko aka damƙa yankin ga Ingila a matsayin amana, ana mulkinsa tare da Jihar Arewa. An yi ƙuri'ar raba gardama a watan Nuwamba na 1959, jama'a suka ce a dakata tukuna. Aka sake yin wata a watan Fabrairu na 1961, suka zaɓi Nijeriya, kuma ranar 1 ga Yuni na 1961 yankin ya shigo, aka kira shi Lardin Sardauna, da hedkwata a Mubi. Kafin nan an riga an gama shawara kan inda dogo zai bi, leburori ma sun kusa Bauci.

Yola kuwa an bar ta da kogin Binuwai, inda jiragen ruwan kamfanonin Turawa suke hawowa da damina idan ruwa ya cika, su kwashi kaya su koma. Bayan 1964 aka daina ƙara tsawon dogo a wannan ɓangare na ƙasa baki ɗaya. Mubi ta shiga Jihar Arewa Maso Gabas a 1967, ta koma Gongola a 1976, ta koma Adamawa a 1991. Sunan jiha ya sauya sau uku, amma taswirar dogo tana nan yadda Turawa da 'yan siyasar Jamhuriya ta Farko suka bar ta.

Yadda Tafiyar Take

Ga mutumin Mubi da ke nufin Kudu a shekarun 1970 da 1980, hanya biyu ce. Ko dai ya bi gindin duwatsun Mandara ta Michika da Madagali da Gwoza da Bama zuwa Maiduguri, tafiyar kilomita 200 da wani abu, ko kuwa ya yi yamma ta Hong da Gombi ya nemi Gombe. A tasha zai yanki tikiti gwargwadon ƙarfinsa. Akwai faskila mai wurin kwanciya, akwai sikinkila, sa'an nan ga taragon gama-gari, inda talaka yake shiga da buhunsa da tabarmarsa da butarsa. Kaya masu nauyi kuma a auna su a zuba a taragon kaya.

Daga Maiduguri zuwa Fatakwal kilomita 1,443 ne, ta Gombe da Bauci da Kuru da Kafancan da Lafiya da Makurɗi da Inugu da Umuwahiya da Aba. Mai zuwa Ikko kuwa daga Kafancan zai nufi Kaduna, ya hau layin yamma ta Minna da Zungeru da Jabba da Ilori da Offa da Oshogbo da Badun da Abekuta, ya sauka a Agege ko ya zarce Iddo.

Ba wanda zai ce tafiyar tana da sauri. Layin ƙanƙane ne, faɗinsa ƙafa 3 da inci 6, ga yawan kwana, ga shi kuma guda ɗaya tak, saboda haka tilas wani jirgi ya tsaya a tasha ya jira mai zuwa ya wuce. Jinkirin sa'o'i da yawa ba abin mamaki ba ne. Amma kuɗinsa kaɗan ne, mutum yana iya miƙe ƙafa, ya yi alwala, ya yi salla, kuma a kowace tasha ga masu tallar abinci ta taga. Mai iyali yakan ɗebi matarsa da 'ya'yansa su tafi gida Salla ba tare da ya ci bashi ba, kuma babu shingen da za a tsayar da shi a tambaye shi ko shi ɗan ina ne.

Abin Da Ya Kashe Shi

A 1964, shekarar da jirgi ya isa Maiduguri, hukumar jiragen ƙasa ta ɗauki fasinjoji fiye da miliyan 11 da kaya kusan tan miliyan 3. Zuwa 1974 fasinjoji sun ragu zuwa miliyan 4 da 'yan kai, kaya kuma suka koma tan miliyan 1 da kaɗan. Watau layin Barno ya zo ne daidai lokacin da rana ta fara yi wa reluwe yamma.

Dalilan a bayyane suke. Shekara uku kacal da buɗe shi yaƙin basasa ya ɓarke a 1967, hanyar Fatakwal ta yanke har 1970, kuma an yi wa layin gabas ɓarna mai yawa. Sai fari na 1973, da cutar da ta faɗa wa gyaɗa a 1975, dalar gyaɗa ta ɓace. Kuɗin man fetur da suka shigo kuma tituna aka zuba wa, manyan motoci suka cika ƙasa. Mai kaya ya ga tirela za ta zo har ƙofar shagonsa, ba sai ya jira a ba shi tarago ba, sai ya juya wa tasha baya.

A nan ne gizo yake saƙa. Kuɗin da ke riƙe jirgin nesa daga kaya suke fitowa, domin tikitin talaka bai isa ya gyara gada ko ya sayi kan jirgi ba. Da kaya suka gudu, sai aka rasa abin gyara. Da aka rasa gyara sai jinkiri ya ƙaru, da jinkiri ya ƙaru kuma sauran masu kayan suka bi 'yan'uwansu. An ɗauko ƙwararru daga Indiya suka riƙe hukumar daga 1979 zuwa 1982, al'amura suka ɗan farfaɗo, har fasinjoji suka haura miliyan 15 wajen 1984. Bayan tafiyarsu aka koma gidan jiya, hukumar ta tsiyace a 1988. Gwamnatin Janar Abacha ta ba wani kamfanin ƙasar Sin kwangilar gyara a 1995, amma zuwa 2003 fasinjoji ba su kai miliyan 2 ba.

An sake yunƙurawa a zamanin Shugaba Jonathan. A watan Disamba na 2012 jirgin Ikko zuwa Kano ya dawo, yana cin kilomita 1,126 cikin sa'o'i 30 ko fiye, kuma jama'a suka cika shi maƙil, abin da ya nuna cewa buƙata tana nan ba ta mutu ba. Layin gabas an raba gyaransa gida uku, amma rikicin Boko Haram ya hana a kammala kashin da ya nufi Maiduguri. Ita kanta Mubi ta faɗa hannun 'yan tawayen a ƙarshen Oktoba na 2014, kafin a ƙwato ta a watan Nuwamba. Jirgin Ikko zuwa Kano kuma an dakatar da shi a 2022 saboda rashin tsaro.

Sababbin Jirage, Tsohuwar Matsala

Ba za a ce ba a yi kome ba. An buɗe sabon layi mai faɗi daga Abuja zuwa Kaduna a 2016, daga Itakpe zuwa Warri a 2020, daga Ikko zuwa Badun a 2021. A wannan shekarar ce kuma aka aza harsashin layin Kano zuwa Maraɗi ta Jamhuriyar Nijar. Jirage ne masu kyau da sauri. Sai dai gajeru ne, kuma ba a haɗe suke da juna ba. Ɗan Mubi da ya hau jirgi a Ikko, a Badun zai sauka, alhali bai ci ko kashi ɗaya cikin biyar na tafiyarsa ba. Babu ko ɗaya daga cikinsu da ya taɓa jihohi shida na Arewa maso gabas.

Abin da aka yi wa wannan yanki alkawari shi ne sake gina tsohon layin Fatakwal zuwa Maiduguri a kan kuɗi kimanin dala biliyan 3, wanda Shugaba Buhari ya ƙaddamar a 2021. An dogara ne ga rancen waje, rancen kuwa ya yi nawa. A 2024 aka buɗe kashin farko, daga Fatakwal zuwa Aba, kimanin kilomita 62 daga cikin 1,443. Hausawa sun ce ganin Dala ba shiga birni ba ne, to a wannan aiki ko Dalar ma ba a hango ba tukuna.

A halin da ake ciki, talaka ne yake biyan kuɗin wannan jinkiri. Da aka janye tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu na 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500 cikin 'yan kwanaki, kuma ta haura 1,000 a ƙarshen 2024. Kuɗin mota ya bi ta. Mai gadi da mai tura baro da ɗan acaba da mai yankan farce, wanda a da yake zuwa gida kowace Salla, sai ya koma zuwa sau ɗaya a shekara, ko ya nemi saman tirela. Mai shanu kuma ga kuɗin gas, ga abin da ake karɓa a shingaye, ga dabbar da takan faɗi ta mutu a hanya, kuma duk wannan a kan mai sayen nama a Ikko yake ƙarewa.

Akwai abin da ya fi kuɗi. A watan Maris na 2025, a garin Uromi na Jihar Edo, aka tsayar da wata babbar mota da ta taso daga Fatakwal, aka kashe matafiya 16 'yan Arewa da ke kan hanyarsu ta zuwa Kano yin Salla. Tsakanin Fatakwal da Kano kuwa akwai dogo a shimfiɗe tun 1927. Gaskiya ne jirgi ma bai tsira ba, domin ba a manta da harin da aka kai wa jirgin Abuja zuwa Kaduna ranar 28 ga Maris na 2022 ba, inda aka kashe mutane aka sace waɗansu, har jirgin ya daina aiki sai a Disamba. Amma tsare jirgi guda mai ɗauke da ɗaruruwan mutane a kan hanya sananniya ya fi sauƙi a kan tsare motoci barkatai da ke ratsa ƙauyuka cikin dare.

Darasi Daga Maƙwabta

Mutanen Mubi ba sa buƙatar zuwa Turai kafin su ga misali. A ƙetaren iyaka, ɗaya ɓangaren tsohuwar ƙasar Adamawa, dogon Kamaru ya isa Ngaundare a 1974, shekara goma bayan na Maiduguri. Shi ma ƙanƙanen layi ne, kuma tun 1999 kamfanin Camrail yake gudanar da shi. Jirgin fasinja yana kwana a hanya tsakanin Ngaundare da Yawunde, tafiyar kilomita 600 da ɗoriya. Shi ma yana da nasa matsalolin, amma bai mutu ba, kuma babban dalili shi ne bai rabu da kaya ba. Hajar arewacin Kamaru da ta ƙasar Cadi a Ngaundare ake sauke ta daga jirgi a ɗora wa mota, ko a sauke daga mota a ɗora wa jirgi.

Wannan shi ne matsayin da Gombe da Maiduguri suka rasa. Kayan kuwa suna nan. Ga shanun Mubi da na Cadi da Kamaru da ke shigowa kasuwarta, ga simintin Ashaka da ke bakin layin, ga sukarin Numan, ga wake da masara da riɗi. An ma gwada an gani, domin a 2016 an ɗauki shanu 500 a jirgi daga Gusau zuwa Ikko, sai dai abin bai ɗore ba.

Abin Da Ya Kamata A Nema

Kowane lokacin zaɓe akan ji masu neman ƙuri'a suna cewa za su kawo jirgi Yola, har ma Mubi. Buri ne mai kyau, amma reshe ba ya tsayawa sai da gindi. Ko da an ja dogo daga Gombe zuwa Numan da Yola gobe, ba inda zai kai mutum muddin layin Gombe zuwa Kafancan da Makurɗi yana kwance. Saboda haka abin da ya fi kusa, ya kuma fi araha, shi ne a matsa a gyara tsohon layin, a soma daga Arewa kamar yadda aka soma daga Fatakwal, a tanadi taragun shanu da wurin lodinsu a Gombe, sa'an nan a gyara titunan da suka haɗa Mubi da Gombe da Maiduguri. Idan shanu da siminti suka hau, taragon fasinja zai sami abin da zai jingina da shi, kamar yadda aka yi tun farko.

Wata ƙofa kuma ta buɗe. A watan Maris na 2023 aka gyara tsarin mulki, aka ba jihohi ikon shimfiɗa dogo, wanda a da na Gwamnatin Tarayya ne ita kaɗai. Mazauna Agege suna ganin jirgin Jihar Ikko yana wucewa ta gabansu. Jihar Adamawa ita kaɗai ba ta da ƙarfin irin wannan aiki, amma gwamnonin Arewa maso gabas shida suna da majalisarsu, ga kuma Hukumar Raya Arewa Maso Gabas da aka kafa a 2017. Ba su da sauran hujjar cewa maganar ba a hannunsu take ba.

'Yan Arewa mazauna Kudu su ma suna da bakin magana. Sarakunan Hausawa na zango-zango, da ƙungiyoyin fataken shanu da na kayan abinci, sun nuna ƙarfinsu a farkon 2021, lokacin da suka dakatar da kai kaya Kudu na 'yan kwanaki bayan rikicin kasuwar Shasha ta Badun, har gwamnati ta zauna da su. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Idan waɗannan ƙungiyoyi suka sa maganar jirgin Gombe da Maiduguri a gaba, suka riƙa tambayar kowane sanata da ɗan majalisa nawa aka ware wa layin a kasafin bana, kuma kilomita nawa aka gyara, to da wuya a ci gaba da yi musu shiru.

Yaron da aka haifa a Mubi a shekarar da jirgi ya fara shiga Maiduguri yanzu ya haura shekara 60, kuma jikokinsa ne suke hawa saman tirela zuwa Ikko. Allah ya kai matafiya gida lafiya, ya kuma ba shugabanni ikon cika alkawari, amin.